Risibar Kawu Ba Ta da Ƙarfi

Kawuna ya yi shekara talatin da biyu a gidan ruwa, a ɗakin manyan injinan da ke tura ruwa cikin gari, kuma a iya sanin abokan aikinsa bai taɓa kwance inji don ya gano abin da ke damunsa ba. Saurare yake yi. Yana da wata doguwar sukundireba mai jan mariƙi. Sai ya ɗora tsininta a jikin injin, ya manna mariƙin a bayan kunnensa, ya lumshe ido kamar mai tuna inda ya ajiye makulli. Bayan minti guda ya miƙe ya ce, "Boris ɗin baya ne. Saura masa kwana tara." A kwana na tara, ko na goma idan boris ɗin, wato zoben da sandar injin ke juyawa a ciki, mai taurin rai ne, sai ya watse. Injiniyoyi masu digiri ba su so wannan al'amari ba, amma da yake gari na son ruwa, suka saba. Su ne suka laƙaba masa Kunne don ba'a. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai sake ajiye shi ba.

Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo mai kuskure biyu a cikin sunansa. Ya rataye su a falo. Sukundirebar, wadda a takarda kayan hukuma ce, ta biyo shi gida a aljihun riga, har yau kuma hukuma ba ta aiko nemanta ba. Washegari ya kafa benci a ƙofar gida ya buɗe sabon ofis. Masu tasi sukan tsaya su ɗaga murfin inji. Mai injin niƙa na bakin titi yakan aiko a kira shi. An taɓa turo masa firji a baro. Ba ya gyara komai. Gyara, in ji shi, aikin masu hannu ne, shi mai kunne ne. Zai saurara, ya faɗa, ya tura ka wurin bakanike da saƙo, kamar likita ya rubuta magani. Ladansa ɗaya ne, kuma ba ya yafe shi: ka dawo ka tsaya a gaban bencin, a kan idon duk wanda ke zaune, ka ce, "Kawu, yadda ka faɗa haka aka tarar." Wanda bai dawo ba, ko shekara biyar aka yi, Kawu na riƙe da lambar motarsa a ka.

Duk unguwar Kawu take ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ni da nake ɗan ƙanwarsa na gaskiya sai na haƙura na bi layi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa sallama wa wannan kunne ba, ita ce Inna, matarsa. Shekara arba'in tana maimaita hukunci ɗaya a kansa: "Ba ya ji." An ce ya daina zuba sukari cokali huɗu a shayi, ba ya ji. An ce kada ya hau tsani don gyaran eriya da tsufansa, ba ya ji. Da wannan magana muka tashi, har muka daina lura da ita. Kawu kuwa yabo ya ɗauke ta. A ganinsa, namijin da matarsa ta shaide shi da cewa yana ji, ya gama yawo.

A shekara ta bakwai da ritayarsa, babbar 'yarsa, wadda aure da aiki suka kai nesa, ta aiko masa da kwali uku. A ciki akwai abin da masu shago ke kira hom tiyata: ƙananan sifikoki biyar, da wata ƙatuwa mai girman durowa da ake ce wa wufa, wadda ba ta da aiki sai gurnani, sai kuma risiba. Risiba ita ce uwar tafiyar. Wani baƙin akwati ne mai nauyi, ita ke karɓar sauti daga talabijin, ta ba shi ƙarfi, ta rarraba wa sifikokin.

Falon Kawu taku shida ne a tsaye, biyar a kwance. Akwai kujeru uku da doguwa ɗaya, da kabad na gilashi cike da tangaran ɗin da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, da kafet mai furanni wanda ya fi ƙaramin ɗansa shekaru. Kwana uku ya yi yana girke kayan. Ya auna da tef, ya huda bango, ya bi waya ja zuwa ja, baƙa zuwa baƙa, sannan ya jawo kujerarsa zuwa daidai tsakiyar ɗakin, inda littafin kayan ya zana wani mutum marar wuya a zaune. Kujerar ta toshe hanyar kicin. Inna ta koyi zagayawa.

Makon farko lafiya lau. Ya gayyato amininsa Hedimasta, tsohon shugaban makarantar firamare da ke gida na uku daga nasa, wanda Kawu ke tsokana da suna Alli, suka kalli fim ɗin yaƙi. Jirgi ya taso daga bayan kabad, ya bi ta kan Hedimasta, ya faɗi kusa da ƙofa. Hedimasta ya sunkuya. Kawu ya yi kwana biyu a kan benci yana ba da labarin sunkuyawar, har da gwadawa.

A mako na biyu ƙorafi ya fara. Bindiga tana fita. Tsawa tana fita. Mota idan ta faɗa rami, har a haƙori ake jin ta. Amma da zarar mutum biyu sun zauna za su yi magana, sai abin ya koma kamar ana hira a cikin randa. Da farko ya ɗora laifin a kan 'yan fim: na yanzu ba sa buɗe baki, cin magana suke yi. Ya koma labarai, ya tarar masu karanta labarai su ma sun lalace. Ya koma ƙwallo, inda mai sharhi, wanda kowa ya san ihu aka ɗauke shi ya yi, shi ma ya koyi raɗa.

Sai ya shiga ƙara murya. Lambar da ke fuskar risibar ta tashi daga talatin zuwa arba'in da biyar, ta kai sittin. A sittin tangaran ya fara hira da ɗan'uwansa a cikin kabad. A sittin da biyar agogon ritaya ya karkace. Mai shagon da ke jikin bangon gidan ya daina kunna rediyonsa, ya ce ɓarnar batir ce.

"Malam, ka rage," in ji Inna daga ƙofar kicin.

Bai juyo ba. Ta zagayo gabansa ta tare talabijin.

"Na ce ka rage! Kaina zai tsage."

"In rage me? Abin da ba ya fita?"

"Yana fita. Har titi yana fita. Kai ne ba ka ji."

"Shekara arba'in kina faɗa," ya ce cikin jin daɗi, ya ƙara ɗaya.

A nan gizon yake saƙa. Inna ta daɗe da sauya ma'anar maganarta, amma kalmomin suna nan yadda suke. Babu yadda za a raba mutumin da ba ya ji da mutumin da ba ya ji, sai an ambaci wata kalma da ba a ambata wa mai gida, balle mai gidan da sunansa Kunne. Inna tana da baki, amma ta san inda bakin yake tsayawa.

Kawu ya yi abin da ya iya. Ya ɗauko sukundireba, ya ɗora a jikin risibar, ya lumshe ido. Da ya miƙe ya ce, "Ba ta da ƙarfi. Ƙaramin inji ne aka ɗora wa bututu shida. Ruwa ba zai hau bene ba."

Hedimasta, wanda tun da jikarsa ta koya masa bincike a waya ya zama masani a kan komai, daga hawan jini har tauraron ɗan'adam, ya zo washegari da amsa a rubuce a bayan ambulan. Abin da ake buƙata sunansa amfilifaya, kuma ta waje: akwati na biyu da ake ajiyewa a gefe, ba ya komai sai ƙara ƙarfi. Risiba ta riƙe shugabanci, amfilifaya ta ɗauki kaya.

"Kamar mataimakin hedimasta," in ji shi.

"Kamar famfon agaji," in ji Kawu. "Kai, Alli, komai sai ka kai shi makaranta."

"Kai kuma komai sai ka jiƙa shi."

Suka ɗunguma zuwa bakin kasuwa, shagon mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ake ce wa Dalma saboda ƙaurin narkakkiyar dalma da ke bin sa ko ranar da bai fita aiki ba. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba. Talabijin matattu a jere har rufi, kowanne da takarda a goshi, masu su sun ce za su dawo. A can saman duka akwai wata amfilifaya da wani ya kawo gyara shekara shida da suka wuce, aka gyara, bai sake waiwayo ta ba. Babu abin da Dalma ke so kamar ya ga bayanta, don wurin da ta tare zai ci talabijin biyu. Sai dai yana da wani aibi da ya hana shi gaba a sana'a: yana tambaya.

"Kawu, kafin mu sauko da ita. Falon nan naka, ɗakin taro ne?"

"Falo ne. Na mutum mai mutunci."

"In ka daɗe kana kallo, ka taɓa saman risibar, tana ƙona hannu?"

"Ɗumi-ɗumi dai."

"Ta taɓa ɗaukewa da kanta ana tsakiyar harbi?"

"Ba ta isa ba."

"In ka ƙure murya fa? Sautin yana yagewa, kamar ana keta buhu?"

Kawu ya gyara tsayuwa. Wannan tambayar kunne ce, kuma a gaban Hedimasta aka yi ta.

"Ba ya yagewa," ya ce.

"To, Kawu, risibarka lafiyarta ƙalau. 'Yan sifikokin nan ba ci ne da su ba. Amfilifaya ta mai ƙaton ɗaki ce, ko mai manyan sifikoki masu haɗama, ko wanda risibarsa ke shaƙewa in an matsa mata. Kai abin da kake so shi ne a ɗan ɗaga sifikar tsakiya, ta ƙarƙashin talabijin, don ta nan magana take fita. Da rimot ne, minti biyu."

"Shekararka nawa a wannan aiki?"

"Ashirin da shida."

"Ni talatin da biyu. Sauko da ita."

Iyakar abin da Dalma ya samu shi ne a yarda a yi gwaji tukuna. Zai kawo ta da kansa ranar Asabar da hantsi, a jona, a saurara. In ta yi, ta zauna.

Ranar Asabar aka kira ni a matsayin shaida, don Kawu ba ya son ya yi nasara babu dangi a wurin. Na tarar da shi a kujerar tsakiya da sabuwar riga, Hedimasta a damansa, Inna tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu, da fuskar wadda ta zo kallon ƙarshen wani abu.

Dalma ya ce a fara da gwajin da risibar ke yi da kanta. Tana aika wani siririn huci ga kowace sifika bi da bi, kamar iska na fita daga taya.

"Kawu, duk inda ka ji shi, ka nuna."

Hucin ya fito ta hagu. Kan Hedimasta ya juya hagu, don mutum ne da bai taɓa jin tambaya ya ƙyale ba, ko ba shi aka yi wa ba. Kawu ya nuna hagu. Hucin ya koma dama, kan Hedimasta ya bi shi, yatsan Kawu ya bi kan. Haka aka zagaye ɗakin, biyar bisa biyar. Da aka zo kan wufa, ƙasa ta ɗauki rawa, Kawu ya dafe hannun kujera da tafi biyu, fuskarsa ta washe.

"Wannan kam ina ji. Har cikina."

Ba ƙarya ya yi ba. Mutum yana jin sanyi, yana jin yunwa, yana jin wufa a cinya. Duk ji ne, kuma ba a ce masa ga irin wanda ake nema ba.

Aka zo kan amfilifaya. Dalma ya ɗora ta a gefen risiba, ya jona ta da wuta. Wata shuɗiyar fitila ta kama a goshinta, kyakkyawa, irin wadda ke sa mutum ya gyara zama. Sannan ya ɗauki wayar da za ta haɗa akwatunan biyu, ya durƙusa, ya kutsa bayan teburin yana laluben ramukan da zai soka ta. Kawu bai iya jira ba. Ya ga fitila ta kama, kuma a gidan ruwa idan fitila ta kama, inji ya tashi. Ya danna rimot. Fim ɗin da ya kalla sau goma sha ɗaya ya ci gaba daga inda ya tsaya: mata da miji a cikin mota suna gardama.

Ya miƙe zaune. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Yauwa! Yanzu aka zo wurin. Alli, ka ji?"

Hedimasta ya karkatar da kai ya lumshe ido. "Ai bambancin a fili yake. Muryar matar ta yi kauri."

"Ba kauri ba, tsabta. Ji yadda kowane harafi ke fita da ƙafarsa. Yanzu zai ce mata ta sauka."

Mutumin ya ce mata ta sauka.

Daga inda nake tsaye ina hango Dalma a bayan tebur, a durƙushe, da bakin wayar duka biyu a hannunsa. Inna ma tana hango shi. Ya dubi wayar, ya dubi Inna. Inna ta dubi rufi, kamar ta tuna akwai yanar gizo-gizo da ta manta ba ta share ba. Dalma ya soka baki ɗaya a bayan amfilifayar, ya tura ɗayan ƙarƙashin kafet, ya fito da baya yana kaɗe gwiwa.

"Yaya, Dalma?" in ji Kawu. "Ashirin da shida ko talatin da biyu?"

"Talatin da biyu, Kawu."

Na raka shi ƙofar gida. Yana ɗaure jakarsa a bayan babur ya ce, "Ko na so in haɗa, babu inda zan haɗa. Irin wannan risibar ba a yi mata ƙofar baƙo ba. Ramukan ma babu su."

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Ni mai gyaran rediyo ne. Kai ne ɗan ƙanwarsa, koma ka faɗa."

Na tuna ina da wani uzuri a ofis, ko da yake Asabar ce.

Kwana goma sha ɗaya amfilifayar ta yi tana mulki. Labarinta ya cika benci. Kawu ya riƙa shigo da masu tasi biyu-biyu su saurara, kuma babu wanda ya fita bai ji bambanci ba. Wani ya ce gurnanin ya fi zurfi. Wani ya ce har numfashin mai labarai ya ji. Hedimasta ya fara tunanin nema wa rediyonsa irinta. Lambar da ke fuskar risiba tana nan a sittin da biyar, amma babu mai kallon lamba ga shuɗiyar fitila. Inna ta lura akwatin yana da ɗan ɗumi, ta riƙa shanya safa a kansa. Wannan ne kaɗai aikin da aka tabbatar ya yi a gidan.

Abin da ya kawo ƙarshen mulkin shi ne kirki. Mai injin niƙa ya ce yana so ya yi irin wannan haɗi a gidansa, Kawu ya yi alkawarin zana masa yadda wayoyin suka bi. Da safe bayan shayi ya ɗauki fensir da takarda da tocila, ya durƙusa a bayan tebur, ya kama wayar daga bayan amfilifaya ya bi ta da yatsa, yadda ya saba bin bututu daga inji zuwa tanki. Ta sauka ƙasa. Ta bi gindin bango. Ta shige ƙarƙashin kafet. Ya ɗaga kafet ɗin, ya tarar da bakinta a kwance tsakanin wani tsohon maɓalli da mushen kyankyaso.

Bai san lantarki sosai ba, amma ya san bututun da ya ƙare a cikin yashi. Inna ta ce ta fito daga kicin ta gan shi a durƙushe, tocila a kunne tana haska bango, ta koma, ta wanke kwanuka, ta sake fitowa, yana nan yadda yake. Daga baya ya mayar da wayar daidai inda ya same ta, ya shimfiɗa kafet a kai, ya daddanna da tafin hannu.

Kwana huɗu bai fita benci ba. Aka ce mura ce. Motoci suka riƙa tsayawa su yi ham su wuce. Talabijin bai kunnu ba, mai shago ya sayi batir. A rana ta biyar ya aiko a kira ni.

"Ka zo da motarka. Akwai wata ƙara da nake so in saurara."

Motata ba ta da wata ƙara da na sani, amma na zo. Ya shiga ya zauna, ya ce mu tafi. Ya riƙa nuna hanya da hannu, hagu, dama, miƙe, har muka tsallaka gari zuwa wani asibiti a can gefen da babu mai tasin da ya san shi. A bakin ƙofa ya karanta allo da kansa, ya nufi ɓangaren kunne, ni ina bin sa a baya kamar ni ne marar lafiyar.

Likitar mace ce, ba ta kai 'yarsa shekaru ba. Ta sa shi a wani ɗan ɗaki mai kama da kabad, ta ɗora masa abin saurare a ka, ta ba shi maɓalli a hannu.

"Baba, duk lokacin da ka ji ƙara, ka danna."

Ta rufe ƙofa. A cikin ɗakin babu hannun kujera mai rawa, babu kan Hedimasta. Ta gilashi nake kallonsa, ya lumshe ido irin lumshewar da ya yi wa injina shekara talatin da biyu, babban yatsansa a kan maɓalli, yana jira. Ya danna wasu. Tsakanin dannawa akwai dogayen shiru waɗanda likitar ke rubuta wani abu a cikinsu.

Da ya fito ta nuna masa takarda. Layi ne ya taho a miƙe, sannan ya gangara kamar matakalar bene.

"Baba, wane aiki ka yi?"

"Gidan ruwa. Ɗakin inji."

"Shekara nawa?"

Ya faɗi lambar. Ban taɓa jin ya faɗe ta a hankali haka ba.

"Ba a ba ku abin toshe kunne?"

"Ana bayarwa. Na ragwaye ne."

Ta yi masa bayani ba tare da kwana-kwana ba. Sauti mai kauri yana nan, shi ya sa tsawa da bindiga ke isowa. Siraran sautuka, inda haruffan magana suke zaune, su ne injina suka cinye, kaɗan-kaɗan, tun da daɗewa. Ba sa dawowa. Amma akwai dabara. Ta buɗe wani ɗan kwali ta fito da abu mai girman ƙwayar wake, da 'yar igiya mai lanƙwasa da ake rataya a bayan kunne.

Kawu ya juya shi a tafin hannu. "Mene ne aikinsa?"

"Yana karɓar sauti, ya ƙara masa ƙarfi, ya tura ciki."

Ya sake kallonsa. Sai na ga kafaɗunsa sun fara dawowa wurinsu.

"Amfilifaya ke nan."

"Haka ma za a iya cewa, Baba."

"Ta waje."

"Ta waje."

Ya juyo gare ni. "Na faɗa ko ban faɗa ba? Na ce ana buƙatar amfilifaya. Wurin jonawa ne kawai aka samu saɓani."

Na ce yadda ya faɗa haka aka tarar.

A hanyar dawowa, abin a rataye a kunnensa, ya ja hularsa ƙasa har ta rufe saman kunnuwansa, ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, ko uwata. In unguwa ta ji, in ji shi, benci ya tashi. Wa zai kawo mota wurin Kunne mai batir? Bayan na rantse ya sanar da ni cewa motata tana da ƙara uku, kuma ƙarar sigina tana damunsa, in daina sa ta.

Da muka iso, akwai tasi a ƙofar gida, murfin inji a ɗage. Mai ita, wani da ake ce wa Dogo, yana zaune a kan benci shi da mai shago. Yana ganin Kawu ya taso da murna, ya cika ƙirji da iska.

"Kawu! Sannu da zuwa! Ya jiki? Da sauƙi?"

Kawu ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa. Kafin ya daidaita, mai shago ya ɗora nasa gaisuwar da irin wannan ƙarfi. Wata mata mai wucewa da kwando ta tsaya ta ƙwala tata daga tsallaken titi. Hedimasta ya leƙo daga gida na uku ya kira shi da muryar da ya saba tara yara ɗari shida da ita. Kawu ya tsaya a tsakiya yana juya kai. Ni ban ji wani abu baƙo ba. Haka ake gaishe shi kullum. Haka ni ma na yi masa magana a mota da za mu tafi.

Sannan Dogo ya juya wurin mai shago, ya ce da muryarsa ta yau da kullum, a gaban Kawu, taku biyu tsakani, "Yau kamar abin ya ƙaru. Bari in koma ta damansa, nan ne da ɗan dama-dama."

Kawu ya ji sarai. Ya wuce su ya shige gida. Na bi shi.

Inna tana falo tana ninke wanki a kan doguwar kujera.

"Tun yaushe ake yi mini ihu a unguwar nan?" in ji Kawu.

Ta buɗe baki da ƙarfin da ta saba, ta ga ya runtse ido, ta dubi hular, ta dube ni. Sai ta sauke murya. Rabon da in ji ta yi masa magana da wannan muryar tun ina saurayi.

"Tun kafin ka yi ritaya."

"Kowa?"

"Har yara. In baƙo ya tare a layin nan, ana gaya masa ranar kwasar shara, a gaya masa yadda ake gaishe ka."

Ya zauna, ba a kujerar tsakiya ba, a ta kusa da shi.

"Kuma suke kawo motocin."

"Suna kawowa."

"Don tausayi."

"Mai tasi ne zai kai abin cin abincinsa inda ake tausayi? Kana faɗa, ana tararwa. Yadda kake yi, kai ka sani. Ni dai na san ba da kunne ba ne." Ta ninke riga ta ɗora a kan 'yar'uwarta. "Mutane sun ga kana so a ce kunne ne, suka ce kunne ne. Me ya rage su da shi?"

Ya sunkuyar da kai. A waje Dogo ya danna ham, doguwa. Kawu ya zabura, ya kai hannu bayan kunne, ya fasa.

"Ki aika Dalma ya zo ya kwashe fitilarsa," ya ce. "Ya ɗaga sifikar tsakiyar, yadda ya ce. Kada ki ce masa ni na ce yadda ya ce."

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, ya cire hular, ya miƙa mini ba tare da ya dube ni ba. 'Yar igiyar tana nan a bayan kunnensa, a fili, ga duk mai ido. Ya fita.

"Dogo," muka ji ya ce, "tayar da ita. Kuma ka rage murya, nan gidan mutane ne."